Saba Ta Faɗi, Kowa Ya Zama Injiniya

Duk wanda ya biyo titin Maiduguri ya ratsa Hotoro, manyan abubuwa yake gani: ma'ajiyar man NNPC da tankokin da ke jiran lodi, gidan talabijin na Abubakar Rimi, barikin 'yan sandan kwantar da tarzoma, sai kuma gadar nan mai hawa-hawa da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a ƙarshen Janairun 2023. Abin da ba ya gani shi ne ƙananan ɗakunan da ke ƙuryar ofisoshin unguwar, a makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu da gidajen mai da kamfanonin dillancin kaya. Yawancin ɗakunan nan a da sito ne. Yanzu a ciki akwai wata baƙar kwamfuta da ba mai zama a gabanta, ana ce mata saba, kuma a cikinta ne sakamakon ɗalibai yake, da fayil ɗin marasa lafiya, da lissafin wanda ya biya da wanda ake bi. Injiniyan da ke kula da ita ba safai yake Hotoro ba. Yana Abuja, ko Legas, ko can Kabuga yana fama da wani ofishin. Ta intanet yake shigowa cikinta daga nesa, ya yi abin da zai yi ya fita.

Muddin tana aiki ba mai tunawa da ita. Ranar da ta daina amsawa kuwa, sai a bar tebura a taru a ƙofar ɗakin, kuma wanda ya zagaya ofisoshi biyar zai tarar fuskoki ne kawai suka bambanta.

Mai fara kiran waya shi ne Malam Ban-taɓa-komai-ba. Tun ba a gama gaisawa ba ya rantse: "Wallahi Injiniya, haka kawai muka zo da safe muka tarar." Tambayar farko da kowane mai gyara yake yi ita ce me ya canza tsakanin jiya da yau, domin na'urar da ta shekara tana aiki ba ta cika tsayawa don ganin damarta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai a fiƙihun Malam, zare filogin wata 'yar na'ura mai fitilu don a sa cajin waya ba taɓawa ba ne. Jan tebur har kebul ya fita ba taɓawa ba ne. Sai an yi awa biyu ana lalube sannan zai ce, "Af, sai dai ko jiya da yamma da na jona butar shayi a soket ɗin can."

Yana da ƙane, Mai Son Gyara, wanda ya fi shi haɗari domin shi da kyakkyawar niyya yake ɓarna. Ya ga kan kebul yana reto a bayan suwic, akwatin nan da ke haɗa kwamfutocin ofis, ya ga rami a buɗe, sai ya cusa shi don kar baƙo ya ce ofis ba tsari. Bai lura ɗaya kan ma a jikin suwic ɗin yake ba. A suwic mai araha, wanda ba a sa masa kariya daga irin wannan ba, saƙo ɗaya sai ya yi ta kewayawa yana ninkuwa har ya cika layi, fitilu duka su kama ƙiftawa tare, kwamfutocin ofis su daina ganin juna. Yana nan tsaye cikin masu jaje, hannu a baya, yana cewa Allah ya sawwaƙe.

Can gefe a kan kujerar roba Alhaji Daga-Legas-ne yana kaɗa ƙafa. Shi ba ya wahalar da kansa da bincike, ya riga ya san amsa: "Ku daina ɓata lokacinku, daga can ne." Abin takaicin shi ne tarihi ya taɓa ba shi gaskiya har sau biyu cikin mako biyu. A ranar 28 ga Fabrairun 2024 layin MTN ya ɗauke na sa'o'i a sassan ƙasar nan, kamfanin ya ce an yanke masa wayoyin faiba a wurare da yawa. A ranar 14 ga Maris kuma manyan wayoyi huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa. Manhajojin bankuna suka tsaya, masu POS suka zauna zugum, aka ɗauki makonni kafin jiragen gyara su gama ɗinke su. Tun daga ranar Alhaji ya samu fatawa. Firinta ta ƙi buga takarda, teku ne. Linzamin kwamfuta ya mutu, teku ne.

Alhali raba gardama da shi bai wuce aikin minti biyu ba. Akwai wata 'yar manhaja mai suna ping da wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta a Disamban 1983, kuma har yau kusan kowace kwamfuta na zuwa da ita. Aikinta sallama ce: a tsaya a ƙofar wata na'ura a yi sallama, a ji ko za a amsa da kuma tsawon lokacin da amsar ta ɗauka. Mai hankali daga gida yake farawa. Ya yi sallama ga rauta, na'urar da ke haɗa ofis da intanet, wadda adireshinta galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. In ba ta amsa ba, magana ta ƙare, matsalar tana cikin ginin. In ta amsa, ya gwada wani adireshi na waje, irin 8.8.8.8 na Google. In wannan ma ya amsa amma shafuka sun ƙi buɗewa da sunayensu, to hanya lafiya lau take, tsarin DNS da ke mayar da suna lamba ne ya samu tangarɗa. Ƙari a kan haka, fayil ɗin da akanta ke nema bai taɓa zuwa Legas ba balle ya ga teku. Sabar da ke riƙe da shi tana bayan bangon da Alhaji ya jingina da shi.

Duk wannan yana yiwuwa ne in injiniya ya san abin da allo ya rubuta, kuma a nan Hajiya Mai Saƙon Murya take shigowa. An ce ta turo hoton abin da ya fito. Sai ta turo muryar minti bakwai: gaisuwa, ya iyali, ya zafi, labarin yadda ta shigo ofis, sannan a ƙarshe, "to shi ne dai ya ƙi yi." In aka matsa mata ta ɗauki hoton, rabinsa hasken taga ne, rabinsa inuwarta da mayafi, rubutun kuwa ta riga ta danna ya ɓace. Ga shi kuwa a cikin rubutun nan rabin maganin yake. In ya ce an jira har lokaci ya ƙure ba amsa, to ko sabar a kashe take, ko hanya ta yanke, ko katangar tsaro na haɗiye saƙon. In ya ce an ƙi haɗawa, na'urar tana raye, an kai ƙofarta, manhajar da ya kamata ta buɗe ce ba ta tashi ba. In ya ce kalmar sirri ba daidai ba ce, ai an ma shiga zaure. Ciwo uku ne daban-daban, amma a bakin Hajiya duk sunansu "ya ƙi yi".

Kafin a gama wannan, Malam Kashe-ka-kunna ya nannaɗe hannun riga. Magani ɗaya ya sani, kuma a yi masa adalci, maganin yana ci sau da yawa: rautar da ta cushe takan warware, kwamfutar da ta rasa adireshi takan karɓi sabo. Wannan nasarar ce ta lalata shi. Bai san bambancin wayar hannu da saba ba. Waya in ta tsaya a kashe ta ba a yi asarar komai ba. Saba kuwa tana iya kasancewa a tsakiyar rubuta lissafin kuɗin makarantar ɗalibai ɗari biyar, in aka fizge mata wuta a daidai lokacin, rumbun bayanan na iya tashi a gurgunce, ko ya ƙi tashi sam. Ga shi kuma kashewar takan share alamomin da za a bi a gane asalin cutar, sai ta dawo ranar Alhamis.

Babban abin tsoro shi ne ranar da ya gano ɗan ramin nan da ke bayan rauta. Ya nemo tsinken sakace, ya danna ya riƙe har fitilu suka mutu suka dawo. A ganinsa kashewa da kunnawa ce mai ƙarfi. A gaskiya ya mayar da na'urar yadda ta fito daga kwali: duk ƙofofin da injiniya ya buɗe don shigowa daga nesa, da adireshin da ya ware wa saba, da kalmomin sirri, sun tafi. Sai ya juyo yana murmushi, "Yanzu ku gwada."

Kar a ɗauka shi kansa injiniyan waliyyi ne. A cikinsu akwai wanda abokan sana'arsa suka fi yi wa dariya, domin kusan kowannensu ya taɓa zama shi: Injiniya Mai Kulle Kansa a Waje. Daren Juma'a ne, yana kwance a Gwarimpa da kwamfuta a cinya, ya shigo sabar Hotoro ta SSH, hanyar nan mai tsaro da wani ɗan ƙasar Finland, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro a 1995, wadda ke bi ta ƙofa mai lamba 22. Ya ga katangar tsaro ta yi sako-sako, kishin aiki ya motsa. Ya rubuta doka cewa a rufe kowace ƙofa sai wadda ya lissafa, ya manta bai lissafa wadda shi kansa ya shigo ta cikinta ba. Ya danna. Allo ya tsaya cik. Sabar tana nan lafiyarta ƙalau, tana bin umarninsa sau da ƙafa, kuma umarnin shi ne kar ta saurare shi. Tsakaninsa da ita yanzu tafiyar fiye da kilomita 400 ce ta hanyar Kaduna.

Abin da yake rarrashin kansa da shi shi ne manya ma sun yi. A ranar 4 ga Oktoban 2021, daga bayan la'asar agogon Najeriya har cikin dare, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa shida. Wani umarni da aka bayar yayin gyaran yau da kullum ne ya yanke cibiyoyin kamfanin daga duniya, kayan aikin da injiniyoyi za su yi gyaran da su daga nesa su ma suka tafi tare, sai da aka tura mutane da ƙafarsu zuwa inda na'urorin suke. Mu ma nan gida mun taɓa ba duniya mamaki: a ranar 12 ga Nuwamban 2018, kuskuren tsara hanya a kamfanin MainOne da ke Legas ya karkatar da wani ɓangare na zirga-zirgar Google ta bi ta Rasha da Sin na tsawon minti 74, kamfanin kuma ya fito ya amsa kuskurensa. Rigakafin ba ɓoyayye ba ne. Rautocin MikroTik, 'yan ƙasar Latbiya da suka cika ofisoshin Kano, suna da wani maɓalli da in aka kunna shi kafin a fara canji, da zarar layin mai gyara ya yanke sai na'urar ta warware abin da ya yi. Injiniyanmu ya san da maɓallin. Ya dai ga canjin ƙarami ne.

Duk ranar da injiniya ya kasa shigowa, ko mene ne dalili, sai a nemi mutumin da sunansa ba ya cikin kowace takardar kwangila, wanda kuma ba don shi ba da sana'ar gyara daga nesa ta daɗe da rushewa: Baba Maigadi. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ga tocila a hannu, ga ƙaramar waya a kunne.

"Baba, don Allah ka ga baƙin akwatin nan da ke ƙasa?"

"Injiniya, ai duk baƙaƙe ne."

"Mai koriyar fitila, Baba."

"To, akwai mai kore guda. Akwai mai ruwan lemo yana ƙiftawa. Shi kuma wannan mai nauyin na lungu tun magariba yake kuka, yanzu ya yi shiru."

A jimla uku Baba ya ba da rahoton da masu digiri huɗu suka kasa bayarwa da rana. Mai kukan UPS ne, kukan yana nufin wuta ta ɗauke yana kan batir, shirun kuma yana nufin batirin ya ƙare. Fifikon Baba a kan sauran shi ne ba ya fassara. Abin da ya gani yake faɗa, abin da aka ce ya danna shi yake dannawa, in bai gane ba ya ce bai gane ba. Ba shi da ra'ayi game da teku. A ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani gurɓataccen sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro, da yawa daga na'urorin ba su gyaru daga nesa ba. Sai da mutum ya zauna gaban kowace ɗaya ya goge fayil guda da hannunsa. Ranar, manyan kamfanonin Amurka da Turai Baba Maigadi suke nema ido rufe.

Matsalar Baba ɗaya ce, ba kullum yake da makulli ba. Makullin yana aljihun jami'in mulki, shi kuwa ya tafi ɗaurin aure Wudil, wayarsa a kashe.

Wanda ya hana a yanka makulli na biyu shi ne Oga Rage-kuɗi, mai ofis ɗin, kuma shi ne ya fi cancantar a zauna a kansa domin rabin abin da ake ɗora wa "netwok" daga teburinsa yake fitowa. Ba a ce ba shi da hujja ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin tada inji ya zama abin da ake lissafawa da awa, a Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga ƙasa da naira 70. Duk wanda takardar KEDCO ta taɓa faɗo wa a wannan rukuni ya san zafinta. To amma dubi inda Oga yake yin tsimi. Ƙarfe biyar na yamma a kashe na'urar sanyaya ɗakin saba, tunda ba mutum a ciki. Masana harkar sun ba da shawarar ɗakin ya zauna tsakanin digiri 18 da 27, a garin da zafin Afrilu ke haura 40. Da hunturu kuma ƙurar da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ta toshe fankokin na'urar, ta yi zafi ta kashe kanta don kar ta ƙone. Batiran UPS da ake canzawa bayan 'yan shekaru sun kumbura, an rubuta masa takarda sau uku, ya ce a bari sai wata ya ƙare.

Akwai ma wani ɗan batir mai siffar kwabo a cikin sabar, CR2032, irin na rimot ɗin mota, wanda ke riƙe agogonta in wuta ta ɗauke. In ya mutu, saba na iya farkawa tana ganin shekaru baya ake ciki. A tsarin shiga na Windows da ofisoshi ke amfani da shi, in agogon kwamfuta da na saba suka saɓa da fiye da minti biyar, ba za a bar kowa ya shiga ba ko da kalmar sirrinsa daidai ce. Ma'aikata su yi ta zargin juna da canza faswod, alhali abin da ya tsayar da ofis bai kai kuɗin farantin shinkafa da wake ba.

Manyan sabobi na Dell da HP suna zuwa da wata ƙofa ta daban, iDRAC ko iLO, da injiniya zai iya kunna na'urar daga nesa ko da a kashe take, in dai akwai wuta a soket. Kebul guda take buƙata, wani lokaci da kuɗin lasisi. Oga ya ce almubazzaranci ne. An ba shi shawarar ya kai bayanansa cibiyar adana bayanai, tunda ga ta Galaxy Backbone nan cikin Kano, wadda aka buɗe a ziyarar da aka buɗe gadar Hotoro. Ya ce shi kayansa ba sa kwana a gidan wani. Shi ne kuma zai kira daga Makka a goman ƙarshe na azumi, ƙarfe biyu na dare, yana faɗa don ya kasa ganin cinikin ranar a wayarsa. "Ranka ya daɗe, ai kai ka ce a riƙa kashewa in an tashi." "Na ce a kashe wuta, ban ce a kashe lissafi ba."

In abin ya ishe shi sai ya rikiɗe ya zama Alhaji Sayo-sabo. Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma faifansa ya hau rufin gidaje da ofisoshi da dama. Gudu kam akwai gudu. Sai dai washegari injiniya ya kasa shigowa, kyamarorin tsaro ma suka ƙi nunawa a waya. Dalili shi ne a tsarin da yawancin mutane ke saya, kamar yadda yake a layukan wayar hannu, adireshi guda na waje ake raba wa kwastomomi masu yawa. Na ciki yana iya fita, na waje ba ya iya neman ofis ɗin kai tsaye. Sai an biya tsarin da ke ba da adireshi na kai, ko a sa sabar ta riƙa buɗe hanya daga ciki ta VPN. Alhaji bai yarda ba. Abin da ya zo daga sararin samaniya, a ce wai bai iya abin da tsohuwar eriya ke yi ba?

Da aka ambaci VPN, akwai Ɗan Holan. Tun rufe Twitter da gwamnati ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya sa wata manhajar VPN ta kyauta a kwamfutarsa, bai sake kashe ta ba. Yana zaune taku goma daga saba, ita kuwa tana ganinsa daga Amsterdam, tana korarsa yadda aka umarce ta.

Kalmar sirri kuwa mutum biyu ta haifa, kowanne na ƙin ɗan'uwansa. Na farko ɗan bautar ƙasa ne da aka turo shekarar da ta wuce, yaro mai ƙwazo, shi ya ja kebul, shi ya tsara rauta, shi ya zaɓi faswod mai harafi ashirin da alamomi. Bai rubuta ko'ina ba saboda tsaro. Shekara ta cika, aka yi masa walima da lemo da cincin, ya koma garinsu, ya canza layi. Yanzu ofis yana da na'urar da ba mai iya kutsa mata, har masu ita. Na biyun shi ne Malam Ƙofa-a-buɗe, wanda ya gaji da ana kiransa, sai ya mayar da komai 123456, ya manna a jikin allo, ya tura lambar AnyDesk, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, a zauren WhatsApp na ma'aikata, har da waɗanda aka sallama bara. Ya kuma buɗe ƙofa mai lamba 3389, ta shiga Windows daga nesa, ga duk duniya. Hujjarsa: "Wa zai damu da mu a Hotoro?" Ba wanda ya damu da Hotoro, gaskiya ne. Manhajojin ɓarayi ne ke bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna gwada ƙofofi, ba su san Tarauni ba, ba su san Tokyo ba. A 2021 kalmar sirri guda ta wani tsohon asusun VPN ta isa aka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka, aka rufe bututun na kwanaki, kamfanin ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4.

Duk wannan hayaniya akwai mai kallo daga bakin taga, Mai Sharhi, direban ofis ko mai kai saƙo da ba ya rabuwa da rediyo. A wurinsa saba ba ta faɗuwa, kayar da ita ake yi. Ya koyi darasinsa a 2019, lokacin da Atiku Abubakar ya gaya wa kotu akwai sakamako a sabar INEC, hukumar ta ce ba ta da irin wannan saba. Ya ƙara karatu a ranar 25 ga Fabrairun 2023, da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin IReV na hukumar a kan lokaci. Daga baya hukumar ta ce kuskuren tsari ne a manhajar, saba na mayar da lambar kuskure 500, kuma har gobe akwai waɗanda ba su gamsu ba. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida yana bayanin yadda wani gyara da bai hau wasu sabobi ba ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157. Mai Sharhi ya haɗa duka ya fitar da ƙa'ida: in rasit ɗin kuɗin makaranta ya ƙi fita, akwai hannun manya. A gaya masa ɓera ne ya ci kebul a silin, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka za su ce."

A wasu ofisoshin, ba duka ba, akwai wata malama a ɗakin rajista da ba wanda ya taɓa kira injiniya. Tana da littafi mai kauri irin na rajistar ɗalibai. A ciki ta rubuta ranar da aka canza batir, da lokacin da wuta ta ɗauke, da abin da allo ya ce harafi da harafi ko da ba ta san ma'anarsa ba. Ta naɗa wa kowane kebul farin salatif ta rubuta inda ya nufa. Kalmomin sirri suna cikin ambulan a rufe a sef ɗin Oga, ita ta matsa aka sa. Injiniyoyi suna son ofishinta, kuma kuɗin da suke caji a can ya fi sauƙi, domin aikin yini guda a minti ashirin yake ƙarewa. A taron ƙarshen shekara ba a ambatonta, tunda a ganin Oga sabarsu ba ta cika ba da matsala ba.

Mai karatu da ke da irin wannan ɗaki a ofishinsa, a Hotoro ko a Sharaɗa ko a Bompai, ya leƙa gobe da safe ya duba shekarar da ke jikin batirin UPS, ya tambayi wa ke riƙe da faswod ɗin rauta. In ya fito, ya biya wajen mai yankan makulli ya yanka wa Baba nasa, ya kuma sa masa kati a waya.